Ba asiri ba ne ya fasa bindigar, zafi da laima ne

Idan kana zaune a Birnin Kudu ko Gwaram, da wuya a ce ba ka taɓa jin labarin maharbin da bindigar toka ta ƙi tashi a hannunsa ba, ko ta fashe ta tafi da yatsunsa. Nan take sai ka ji an ce ai naman dajin yana da iska, ko wani ya yi masa asiri. Wannan bayanin ne muke ƙalubalanta, domin yana hana mutum duba ainihin kuskurensa.

Albarushi haɗi ne da ke ƙonewa farat ɗaya ya zama iska mai matsi, ita ce ke ingiza harsashi. Saurin ƙonewar ba ɗaya ba ne kullum. Sanyin asuba a hunturun Janairu daban, ranar Afrilu da zafi ke haura digiri 40 daban. Idan garin ya ɗumama yakan ci wuta da sauri, matsi ya ƙaru. Bututun da aka ƙera da ƙarfen famfo kuwa ba a gwada iyakar ƙarfinsa ba.

Turawan Ingila sun san haka. Garin kodait da suke durawa yana ƙara matsi a zafin Afirka da Indiya, shi ya sa harsashin .416 Rigby na 1911 aka yi masa babban kwanso don matsin ya sauka.

Amma kada mu ɗora wa zafi komai. Baƙin albarushi irin na mafarautanmu ya fi jin laima. Da damina yakan tsotsi danshi, ka ja kunama shiru, sai bayan ɗan lokaci ya tashi. Wanda ya leƙa bakin bindiga a wannan tsakani ya sayi ajalinsa. Mafi muni shi ne zuba garin harsashin zamani marar hayaƙi, wanda Paul Vieille ya ƙirƙiro a Faransa a 1884, cikin bindigar toka. Wannan fasa ta yake yi.

To, idan kana da maharbi a gida, ko mai buga bindiga a hawan Sallah, faɗa masa: kada ya bar ta ɗure cikin rana, in ta ƙi tashi ya karkatar da bakinta nesa da mutane ya jira. Laya ba ta rage matsi.