Shirun Shaihu Umar

Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga a Zariya cikin 1934, labarin yaro ne baƙar fata da Balarabe Abdulkarim ya kai ƙasarsu, ya riƙe shi tamkar ɗansa har ya zama malami. Labari ya tsaru, amma marubucin ya ɓoye mana zuciyar yaron. Yaya ya ji tsakanin Larabawa? Mu a Jahun, inda Bafillace kan kira maƙwabcinsa Kaɗo, jikan bawa kuwa ya sunkuyar da kai in an tono asali wajen neman aure, mun san wannan tambaya tana hana barci. Uwar Umar, wadda aka bautar tana nemansa, ita aka bar wa ɗacin duka.