Tsokaci: Tsakanin Parker, Biro da Sillen Kara

Akwai wata tsohuwar adaka a ɗakinmu na Bacirawa, cikin ƙaramar hukumar Ungogo, wadda muka daɗe muna tara alƙaluma a ciki. Yawancinsu irin masu shan tawada ne, waɗanda ake ɗura musu ita a ciki su riƙa sakinta sannu a hankali. Wasu gadonsu muka yi, wasu a hannun 'yan gwanjo muka tsinta, wasu kuma tsaraba ce. Duk baƙon da muka buɗe wa adakar tambayarsa ɗaya ce: wanne ne gwaninku? A da, kafin ya rufe baki mun ba shi amsa. Yanzu amsar ta sauya, kuma dalilin sauyawar muke son mu baje a faifai.

Gwaninmu na da shi ne Parker 51, wanda ya fara shiga kasuwa a Amurka a 1941. An lulluɓe bakinsa da hula, ɗan tsinin kawai ke leƙowa, don kada tawada ta yi saurin bushewa. Farin jininsa ya kai har kamfanin Hero na Shanghai a ƙasar Sin ya kwaikwayi siffarsa a Hero 616, wanda shi ma muna da shi. A rubutun boko Parker ba shi da makusa. Ba ya son danniya, ka ɗora shi kawai ya bi hannunka, ka cika shafi goma wuyan hannu bai yi tsami ba. Biro kuwa, wanda ya ci sunan Laszlo Biro, ɗan jaridar ƙasar Hungari da ya yi rajistar ƙirarsa a 1938, sai an danna yake bayarwa. Amma a ba shi haƙƙinsa: tun da Bic Cristal ya fito a 1950, arharsa ta sa rubutu a aljihun kowa, daga ɗan firamare har mai awo a kasuwa.

Abin da ya rage wa Parker daraja a idonmu wata takarda ce. Muna binciken kayan kakanmu muka ci karo da shaidar cinikin gona, an rubuta ta da ajami, baƙaƙen nan manya, baƙi wuluk, kamar jiya aka ɗaga hannu. Muka ce bari mu kwafe ta kafin gara ta riga mu. Muka ɗauko Parker muka zauna. Kalmomin duka sun fito daidai, amma rubutun ya fito a rame, ƙafafunsa kamar na sauro. Ɗigon da ke ƙarƙashin fa da guda ɗayan da ke kan ƙaf, irin na rubutun Warshu da muka tashi da shi, sai an ƙura ido ake ganinsu. Dalilin a fili yake: bakin Parker ɗan dunƙulen ƙarfe ne mai tauri da aka daidaita tun daga masana'anta, tawadarsa kuma tsararo ce. An yi shi ne don wani rubutun daban.

Da muka kai kukanmu wurin alaramman unguwarmu, dariya ya yi. Ya miƙa hannu jikin danga ya zaro sillen karan dawa, ya sa aska ya feƙe, ya tsaga bakin kaɗan, ya tsoma a kurtun tawada ya ja layi ɗaya. Nan take muka ga hannun kakanmu ya dawo. Bakin kara yana da taushi, yana shan tawada ya ƙoshi, sannan ya sauke ta da nauyi. Mai shi ne ke yanke masa kauri: babba don baƙaƙe, siriri don wasula. Tawadar ma kowacce da aikinta. Zuge na gawayi da ƙaro na allo ne, don a wanke. Yambari na takarda ne, ya kama ya zauna. Ja na wasula, rawaya na hamza. Ko sunan ma shaida ne, domin alƙalami daga Larabci muka aro shi, Larabawa kuma daga kalmar Girkanci mai nufin kara.

A nan muka fahimci abin da ya kamata mai sharhi ya fara dubawa. Rubutun Kano mai kauri da cika ido, irin wanda hannun marigayi Sharu Bala na Gabari ya yaɗa ta hanyar Alƙur'anan da aka ɗauki hoton rubutunsa aka buga, ɗan wannan kara ne. Kaurin yana da amfaninsa: almajiri ya karanta a hasken wutar kiskali, tsoho ya karanta ba tabarau. Idan aka raba rubutun da alƙalaminsa, siffa za ta rage, nauyi ya tafi.

Kada mai karatu ya ɗauka kara ba shi da aibi. Bakinsa na saurin cinyewa, sai an yi ta feƙewa. Kalma biyu uku sai ka koma kurtu. Yana ɗiga a inda ba a so, ba ya shiga aljihun gaba, ba kuma wanda zai shiga banki ya sa hannu da shi. Haɗa su aure ma bai yiwu ba: mun taɓa ɗura zuge a cikin Hero, ƙaron ya toshe masa maƙogwaro, har yau bai sake magana ba.

Masu waya za su ce ai an huta. Ƙungiyar SIL ta fitar da salon haruffan kwamfuta mai suna Alkalami a 2017, wanda aka zana bisa rubutun hannu na ƙasar Kano, kuma kyauta ake saukewa. Aiki ne mai kyau, ya kama kaurin, ya kama zaman baƙaƙen a kan layi, ya kuma ba ajami wurin tsayawa a intanet. Inda ya gaza shi ne inda kowace na'ura ke gazawa. Mim ɗinsa na farko da na dubu duk ɗaya ne. A takardar kakanmu kuwa muna ganin inda tawada ta fara ƙarewa, da inda ya sake tsomawa, da inda hannunsa ya yi rawa wajen rubuta kuɗin gonar. Mutanen da sukan dubi shafi su ce hannun wane ne. Ba wanda zai dubi allon waya ya faɗi haka.

Sukar ƙarshe kanmu za ta sauka. Shekaru muna kashe kuɗi a kan alƙaluman da wasu suka yanke wa baki a wata nahiya, alhali ba mu iya feƙe wanda ke tsirowa a bayan gidanmu ba. Ga shi birni na ta cinye gonakin Bacirawa, inda aka girbe dawa bara an yanka fuloti bana. Kara ba zai ƙare a ƙasar Kano ba, amma hannun da ya iya sarrafa shi zai iya ƙarewa, tunda ba a saye shi a kanti, sai an durƙusa gaban wanda ya iya.

Saboda haka Parker na nan a adaka, da shi muke wasiƙa, ba mu kuma yi nadamar mallakarsa ba. Amma idan baƙo ya sake tambayar gwaninmu, sillen da muka feƙe da hannunmu za mu nuna masa, mai karkataccen baki, na bakwai bayan shida sun lalace. Da shi muka kwafe takardar gonar. Idan kaka ta yi, mai karatu ya samo sille biyu uku ya nufi tsangayar unguwarsu, ya gaida alaramma, ya ce a koya masa feƙewa.