Tallafin Bincike na Shekara Ɗaya da Ruwan Zobe: Sharhi a kan Wani Tsari

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta yi sharhi a kan yadda ake ba jami'o'inmu kuɗin bincike a fannin ruwa. Na ɗauki ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi ta zama abin misali, domin a nan ne babban dam da jami'a suke maƙwabtaka da juna. Ra'ayina shi ne, ƙarancin kuɗin ba shi ne babban aibi ba. Aibin yana ga siffar tallafin, watau gajeren wa'adinsa da irin abin da ake neman mai bincike ya kawo a ƙarshe.

2.0 Dam da jami'a

An kammala dam ɗin Zobe a kan kogin Karaduwa a 1983, a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. An gina shi ya riƙe ruwa sama da mita kubik miliyan 170, da niyyar a yi noman rani a kadada kimanin 8,000, a kuma shayar da birnin Katsina da garuruwan da ke kan hanya. Sai a watan Yuli na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe kashin farko na aikin ruwan sha, watau shekara 38 bayan tare kogin. Ita kuwa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma an kafa ta a 2011, shekarar da asusun harajin ilmi na 1993 ya koma TETFund. Ashe ke nan ga ruwa, ga masana, ga kuma asusu. Abin tambaya shi ne ko tsarin asusun ya dace da halin ruwa.

3.0 Wa'adi

Tallafin da ya fi kusa da hannun ƙaramin malami shi ne wanda TETFund ke bayarwa ta hannun jami'arsa. Shekaru da dama iyakarsa naira miliyan 2 ce ga kowane aiki, kuma galibi cikin shekara guda ake so a gama. Wannan wa'adi ya ishi mai nazarin wani littafi, ko mai gwaji a ɗaki. Bai ishi mai nazarin kogi ba.

Dalili kuwa a fili yake. Kogunanmu na damina ne, suna cika daga Yuni zuwa Satumba, sa'an nan su koma rairayi. Wanda aka ba shekara ɗaya, damina ɗaya tak zai gani. In ta zo da albarka, sai ya rubuta cewa ruwa ya wadata. In ta zo irin ta 1973 ko ta 1984, sai ya rubuta akasin haka, kuma duka biyun ba ƙarya suka yi ba. Masana yanayi na duniya sai sun tara awon shekara 30 kafin su ce ga matsakaicin ruwan saman wani wuri. Mu kuwa muna neman hukunci daga awon wata huɗu. Balle in kuɗin ya makara, ya fito a watan Nuwamba bayan ruwa ya ɗauke, to, ko daminar guda ma ta kuɓuce.

A dubi batun cikewar dam. Kowace damina Karaduwa na kwaso yashi da laka daga gonaki ya zube a gindin Zobe, kuma duk abin da ya kwanta ya rage wurin ruwa. Ba a sanin yawan wannan sai an shiga jirgi da na'urar auna zurfi, an bi tafkin layi-layi, sa'an nan a sake bin layukan nan bayan wasu shekaru a gwada bambanci. Awon farko shi kaɗai ba ya faɗin saurin cikewa. Tallafin da ba ya ɗaukar nauyin awo na biyu ya sayi rabin amsa ne kawai.

Haka abin yake ga ruwan ƙarƙashin ƙasa. Yankin nan a kan tsohon dutse yake zaune, ruwan kuwa yana maƙale ne a ruɓaɓɓen saman dutsen da cikin tsagoginsa. Shi ya sa rijiyar burtsatse kan ba da ruwa a wannan unguwa, a haƙa wata a unguwar gaba ta fito a bushe. Abin da zai amfani mutumin Kurfi shi ne a riƙa auna zurfin ruwan rijiyoyi ƙayyadaddu kowane wata, shekara da shekaru. Aiki ne mai arha, amma ba shi da ranar gamawa, don haka ba shi da gurbi a takardar neman tallafi.

4.0 Abin da tsarin ke haifarwa

Mai bincike ba wawa ba ne, yakan auna aikinsa da kuɗinsa. Sai ya ɗebo ruwa a kwalabe daga rijiyoyi goma, ya gwada a ɗakin gwaji, ya buga maƙala, ya sami ƙarin girma. Ban raina wannan aiki ba, sanin tsabtar ruwan sha wajibi ne. Sai dai idan aka yi ta maimaita shi domin shi kaɗai ne ke shiga cikin wa'adi, tambayoyi masu nauyi sai su zauna ba mai taɓa su. Ga kuma faɗuwar naira: kafin Yuni 2023 miliyan 2 ta haura dala 4,000, a ƙarshen 2024 kuwa ba ta kai 1,500 ba, alhali kayan awo daga waje ake sayo su. Rashin tsaro a dazuzzukan yammacin Katsina ya ƙara tsadar fita fili, har wani kan gwammace ya tsaya kusa da gari.

Sa'an nan rahoton da Turanci ake rubuta shi, a kai ofis a ajiye. Mai noman rani a bakin Zobe, wanda da sunansa aka nemi kuɗin, ba ya jin sakamakon ko a rediyo.

5.0 Shawara

Ina ganin ya kamata a ware wani kaso na tallafin domin awo mai ɗorewa, a ba sashen jami'a maimakon mutum ɗaya, na shekara biyar-biyar, bisa sharaɗin a ajiye alƙaluman inda kowa zai iya dubawa. A haɗa jami'ar da Hukumar Sakkwato da Rima, mai riƙe da dam, da Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda ke horar da ma'aikatan fannin tun 1979. Kuma kada a biya kason ƙarshe na kowane tallafi sai an kawo taƙaitaccen sakamako da Hausa, an karanta shi a gaban masu unguwanni da manoman wurin da aka yi aikin.