Tsohon Alkawari da Sabo: Sharhi kan Wata Hujja da Ɗalibanmu Suka Ara

Akwai wata hujja da ke yawo a bakin matasan masu da'awa a ƙasar Gaya da Ajingi, kamar yadda take yawo a sauran ƙasar Kano. Suna cewa Tsohon Alkawari ya hukunta ido a bakin ido, Sabon Alkawari kuwa ya umurci wanda aka mara ya juya ɗaya kuncin, don haka littafin ya ƙaryata kansa. Hujjar tana da daɗin faɗa a dandalin wa'azi, musamman da yake Littafi Mai Tsarki yana hannun Bahaushe tun 1932, lokacin da aka buga fassarar da Dokta Walter Miller na Zariya ya yi wa hidima. Sai dai ina ganin ba ta dace da almajirin ilimi ba.

Da farko, ba tamu ba ce. Markiyon, mutumin Sinob, shi ya shahara da ita, har ya kai ga cewa Ubangijin Attaura dabam ne da wanda Almasihu ya yi wa'azinsa, kuma cocin Rum ta kore shi a wajajen shekara ta 144. Wanda ya ari hujjarsa ya ari tushenta, ko ya sani ko bai sani ba.

Tushen nan kuwa Alƙur'ani ya rushe shi. Aya ta 45 ta Suratul Ma'ida ta tabbatar da cewa Allah ne ya wajabta ƙisasi a Attaura, ta kuma yabi wanda ya yafe. Aya ta 50 ta Ali Imrana ta nuna Annabi Isa, alaihis salam, yana gaskata Attaura tare da halatta wani ɓangare na abin da aka haramta. Wannan shi ne nasakhi, babin da kowane ɗalibin usulul fiƙhi ya karanta. Ta yaya za mu kira sauyin hukunci tsakanin shari'o'i tufka da warwara, alhali muna karantar da shi a zaurukanmu? Mai ƙyamar ƙisasi don ya kunyata Kirista, gobe za a juyo masa da maganarsa a kan haddi, kuma ba zai sami abin cewa ba.

Rabon ma da aka yi, tsanani can rahama nan, bai tsaya da ƙafarsa ba. Umurnin ƙaunar maƙwabci yana Littafin Firistoci babi na 19, ciyar da maƙiyi kuma yana Karin Magana babi na 25. A ɗaya ɓangaren, mutuwar Hananiya da matarsa tana Ayyukan Manzanni babi na 5. Wannan ya shafi mai bishara da ke tallar Sabon Alkawari a matsayin ƙauna zalla kamar yadda ya shafi ɗalibinmu.

Magabata sun fi mu sanin inda gizo ke saƙa. Ibnu Hazm na Andalus, wanda ya rasu a 1064, a littafinsa Al-Fisal ya matsa ne a kan ƙissoshin da suka jingina wa annabawa manyan laifuka, irin abin da Farawa babi na 19 ya faɗa game da Annabi Luɗu. Haka Shaihu Rahmatullahi Al-Kairanawi, wanda ya yi muƙabala da Fanda a Agra a 1854, ya bi wannan hanya a Izharul Haƙƙi. A nan saɓanin gaskiya yake. Fitowa babi na 32 ya ce Haruna ne ya ƙera maraƙi, Suratu Ɗaha kuwa ta ɗora laifin a kan Samiri.

Ko a nan ma adalci yana da haƙƙi. Malamin Kirista zai ce ba da labari ba yarda ba ce, ya kafa hujja da Sama'ila na Biyu babi na 12, inda Natan ya tsawata wa Dawuda a kan abin da babi na 11 ya danganta masa. Amsarsa tana da ƙarfi a ma'auninsa, domin shi bai shardanta isma ga annabawa ba. Ashe gardamar ta tashi daga ɗabi'a ta koma aƙida: wane ne annabi, kuma me ya halatta a jingina masa?

Wurin da wannan amsa ba ta isa ba shi ne Sama'ila na Ɗaya babi na 15, inda umurnin hallaka Amalekawa har da jarirai ya zo da sunan Ubangiji kansa. Malaman Kirista sun daɗe suna fama da irin waɗannan nassosi, har Orijin na Iskandariyya ya fassara yaƙe-yaƙen Joshuwa da yaƙar zunubi a zuci. Musulmi yana da abin faɗa a nan, tunda hanin kashe mata da yara a yaƙi ya tabbata a Bukhari da Muslim. Amma sai ya karanta babin gaba ɗaya tukuna, ya kuma san abin da masu littafin suka ce a kansa, kafin ya buɗe baki a kasuwar Gaya.