Kyamarar Lytro da gardamar masu ɗaukar hoto

Tun da aka fara sana'ar hoto, akwai hukuncin da mai kyamara yake yankewa kafin ya danna: me zai fito sarai, me zai zama dishi-dishi. Idan ya saita daidai, madalla. Idan ya kuskure, bakin alƙalami ya bushe, domin lokacin da ya wuce ba ya dawowa. A shekarar 2011 wani kamfani na California a Amurka mai suna Lytro ya ce ya kawo ƙarshen wannan. Ka ɗauki hotonka yanzu, in ka koma gida ka zaɓi inda kake so ya fito.

Wanda ya kafa kamfanin, Ren Ng, a kan wannan fasaha ya yi digirinsa na uku a jami'ar Stanford a 2006, kodayake masanin Faransa Gabriel Lippmann ya kawo tushen tunanin tun 1908. Kyamarar da muka sani tana rubuta yawan hasken da ya sauka a kowane ɗigo ne kawai. Ita kyamarar Lytro an shimfiɗa mata dubban ƙananan gilasai a gaban farantin da ke karɓar haske, don haka tana rubuta har da inda kowane zaren haske ya fito. Da wannan bayani kwamfuta ke lissafa yadda hoton zai kasance da an saita kusa ko nesa. Kyamarar ta shiga kasuwa a farkon 2012 a kan dala 399, siririya mai kusurwa huɗu, ba ta ma yi kama da kyamara ba.

Masu hoto suka rabu. Wasu sun yi murna, musamman masu ɗaukar abin da ba ya tsayawa, kamar yara da 'yan wasa da tsuntsaye. Wasu suka ce sana'a ta mutu, kowa ya zama gwani. Wannan kukan bai dame ni ba, don an yi irinsa lokacin da kyamarori masu saita kansu suka yaɗu, tun daga Konica C35 AF a 1977 zuwa Minolta 7000 a 1985, kuma gwanaye ba su ƙare ba.

Ƙorafin da ya fi nauyi a wurina na waɗanda suka ce saiti magana ce. Mai hoto ba ya iya tsayawa kusa da kowane mai kallo ya ce masa dubi nan. Da saitin yake faɗa. Idan ya fitar da hannun tsohuwa mai saƙa ya bar fuskarta a hazo, ya gaya maka cewa labarin yana hannun. A 1932 Ansel Adams da abokansa suka kafa ƙungiyar f/64 bisa aƙidar cewa komai ya fito tar daga gaba har ƙarshen dutse, suna adawa da masu son hoto mai laushi irin na zane. Ka ga ashe a kan wannan zaɓi kaɗai an gina mazhaba. Lytro kuwa ta miƙa zaɓin ga mai kallo, ya taɓa allo inda ya ga dama, hoton ya juya. Abin yana da ban sha'awa a karon farko, amma hoton da kowa zai karkata shi inda yake so, wa ke magana a cikinsa? Ina ganin masu wannan tambaya suna da gaskiya, kuma kamfanin bai amsa ta ba.

Sai dai ba falsafa ce ta kayar da Lytro ba. Kowane ɗigo da aka ba wa lissafin alƙiblar haske an ƙwace shi ne daga kaifin hoto, shi ya sa abin da ke fitowa bai wuce ɗigo 1080 a tsaye da 1080 a kwance ba, alhali wayoyin lokacin suna ba da ninkin haka. Mai buga hoto babba ba shi da abin yi da wannan. A 2014 suka fito da wata kyamarar mai suna Illum a kan dala 1,599, ita ma ba ta samu karɓuwa ba. A ƙarshen 2017 suka rufe shafin da ake ajiye hotunan masu motsi, abin da mutane suka liƙa a intanet ya daina aiki, sannan a 2018 kamfanin ya rufe.

Tunanin bai mutu ba, waya ya koma. HTC One M8 ta kawo shi a 2014, iPhone 7 Plus ta kawo hoto mai dusasshen baya a 2016, yau kuma har wayoyi masu sauƙin kuɗi a kasuwar Farm Centre ta Kano suna yi. Amma yawancinsu ƙiyasin nisa suke yi su shafa hazo da lissafi, shi ya sa za ka ga gefen gyale ko bakin hula ya narke tare da bango. Masu ɗaukar hoton biki da suna, ku duba gefunan nan da kyau kafin ku miƙa wa mutane aikinsu, kuma ranar ɗaurin aure ku saita da idonku tun kafin ku danna.