AKTA BA YA MUTUWA? TARKEN JIGON RAMUWAR GAYYA A FINA-FINAN BRUCE LEE

Gabatarwa

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a biranen ƙasar nan a shekarun 1970 da 1980, kuma ya taɓa satar jiki ya shiga silima, ya san cewa fina-finan da ake nunawa galibi iri uku ne: na Indiya, da na kaboyi, da na Canis. A Kano, gidaje irin su Plaza da El Dorado da Marhaba su ne makarantun da muka koyi wata ƙa'ida da muke maimaitawa kamar hadda, wato akwai akta, akwai bos, kuma akta ba ya mutuwa. A cikin aktocin Canis kuwa babu wanda ya kai Bruce Lee, wanda bakinmu ya mayar da shi Burusli. Yara kan ɗaure sanduna biyu da sarƙa suna wulwulawa, suna kwaikwayon kukansa da shafar hancinsa.

Manufar wannan maƙala ita ce mu sake duban fina-finan wannan tauraro da idon mai tarke. Abin da muke son tabbatarwa shi ne, ƙa'idar da muka haddace ba ta yi daidai da abin da fina-finan suka nuna ba. Mun riƙe naushi da shuri, mun mance da yadda labaran suka ƙare, alhali a ƙarshen ne jigonsu yake.

Taƙaitaccen Tarihinsa

An haifi Bruce Lee a birnin San Francisco na Amurka a ranar 27 ga Nuwamba, 1940, lokacin da mahaifinsa, Lee Hoi-chuen, ɗan wasan daɓe na gargajiyar Kanton, yake yawon wasa a can. A Hong Kong ya girma, ƙarƙashin mulkin mallakar Ingila, kuma kafin ya cika shekara 20 ya fito a fina-finai kimanin 20, ciki har da The Kid na 1950. Wannan batu yana da muhimmanci, domin mutane da yawa suna ɗauka ɗan faɗa ne da ya faɗa harkar fim, alhali ya san kyamara tun kafin ya zauna gaban malaminsa Ip Man ya koyi salon faɗan Wing Chun.

A 1959 ya koma Amurka, ya buɗe makarantun koyar da faɗa, sannan daga 1966 zuwa 1967 ya fito a shirin talabijin The Green Hornet a matsayin Kato, direba kuma yaron gida mai rufe fuska. Da ya ga Hollywood ba ta shirya bai wa Basine jagorancin fim ba, sai ya dawo Hong Kong ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Golden Harvest na Raymond Chow. Tsakanin 1971 da 1973 ya kammala fina-finai huɗu, kuma a kansu sunansa ya tsaya.

Haƙuri da Ƙarshensa: The Big Boss

A wannan fim na 1971, wanda Lo Wei ya ba da umarni, Lee ya fito a matsayin Cheng, matashi da ya tafi ci-rani Tailan ya kama aiki a masana'antar ƙanƙara tare da 'yan uwansa. Ya yi wa mahaifiyarsa alkawarin ba zai sake faɗa ba, kuma yana rataye da wani abin wuya mai tuna masa alkawarin, kamar yadda laya take a wuyan ɗanmu. Kusan rabin fim ɗin yana tsaye yana kallo ana dukan mutane, hannunsa na kan abin wuyan. Sai da aka tsinka shi a cikin hargitsi sannan tura ta kai bango.

Sai dai abin lura shi ne abin da ya biyo baya. Mai masana'antar, wanda yake ɓoye miyagun ƙwayoyi a cikin ƙanƙara, bai tunkari Cheng da ƙarfi ba. Ya ba shi muƙamin shugaban ma'aikata, aka shayar da shi giya, ya shagala da neman 'yan uwansa da suka ɓace. Kafin ya farga an karkashe sauran. Ya kashe bos ɗin, gaskiya ne, amma fim ɗin ya rufe ne da 'yan sanda suna tafiya da shi. Jarumin da muka yi wa tafi bai ceci yawancin waɗanda ya kamata ya ceta ba.

Ramuwa da Farashinta: Fist of Fury

Fim na biyu, na 1972, shi ne mafi zafi a siyasance. An kafa labarin a Shanghai a farkon ƙarni na 20, bayan rasuwar Huo Yuanjia, wanda malamin faɗa ne na haƙiƙa da ya rasu a 1910. Ɗalibinsa Chen Zhen, wato Lee, ya gano cewa guba aka sa wa malamin. Japanawa sun kawo allo mai kiran Sinawa marasa lafiyar Asiya, shi kuma ya mayar musu da shi, ya sa biyu daga cikinsu suka ci takardar. A ƙofar wani lambu kuma ya farfasa allon da ya haɗa Sinawa da karnuka wajen hana shiga. Masana tarihi sun nuna cewa babu shaidar an taɓa kafa allo da wannan lafazi, ko da yake an hana Sinawa shiga lambun har zuwa 1928. Duk wanda ya san yadda aka keɓe unguwannin Turawa a garuruwanmu zamanin mulkin mallaka zai fahimci dalilin da ya sa wannan fitowa ta ratsa zukata nesa da ƙasar Sin.

Hausawa na cewa ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, amma fim ɗin ya nuna wanda zafin ke ƙonawa. Kowane mataki Chen ya ɗauka, makarantar malaminsa ce ke biya. A daren da ya tafi kashe shugaban Japanawan, su ma sun aika mutanensu sun hallaka yawancin abokan karatunsa. Daga bisani ya miƙa kansa domin a ƙyale waɗanda suka rage, ya fito ƙofa ya tarar da bindigogi a jere, ya yi tsalle ya nufe su, hoton ya daskare, aka ji ƙarar harbi. A nan akta ya mutu ƙiri-ƙiri, amma saboda ba a nuna gawarsa ba muka fita silima muna riƙe da ƙa'idarmu.

Mutunta Abokin Gaba: The Way of the Dragon

Wannan fim, shi ma na 1972, Lee ne ya rubuta shi, ya ba da umarni, ya kuma ja ragamarsa, saboda haka a nan za mu fi jin muryarsa. Tang Lung baƙauye ne da aka aika birnin Rum ya kare gidan abincin wasu Sinawa daga 'yan ta'adda. Bai iya karanta takardar abinci ba, har ya yi odar kwanonin miya barkatai, kuma wannan raha ta nuna wani ɓangare na gwanintar Lee da ba a cika ambata ba.

Ƙololuwar fim ɗin ita ce karonsa da Colt, wanda Chuck Norris ya fito a matsayinsa, a tsohon dandalin Kolosiyam. Da farko Colt ya fi ƙarfinsa, sai Tang ya bar tsayuwar gargajiya ya koma rausaya da sauya ƙafa irin na 'yan dambe, wanda shi ne ra'ayin Lee cewa kada mai faɗa ya zama bawan salo guda. Bayan ya karya masa hannu da ƙafa, ya yi masa alamar ya haƙura, Colt ya ƙi. Da ya kashe shi bai yi kirari ba. Ya ɗauko rigar mamacin da baƙar ɗamararsa ya lulluɓe shi, ya durƙusa. A ganinmu wannan ita ce fitowa mafi daraja a duk aikinsa, domin ta mayar da nasara abin alhini.

Inda Jigon Ya Raunana: Enter the Dragon

Fim na huɗu, na 1973, haɗin gwiwa ne da kamfanin Warner na Amurka, kuma Robert Clouse ya ba da umarni. Shi ya fi sauran kyan hoto da sauti, kuma faɗan ɗakin madubai ya cancanci yabon da ake yi masa. Amma a nan talaka ɗan ci-rani ya ɓace. Lee ya zama wakilin hukumar leƙen asiri da aka aika tsibirin Han, zubi irin na James Bond. Yana kisa da izinin hukuma, saboda haka babu hukuncin da ke jiransa. In ban da yanayin fuskarsa lokacin da ya tattake O'Hara, wanda ya yi sanadin mutuwar 'yar uwarsa, da wuya a ga nauyin kisa a kansa. Abin takaici, wannan fim ne duniya ta fi sani.

Lee bai ga nasararsa ba, domin ya rasu a ranar 20 ga Yuli, 1973, yana da shekara 32, sakamakon kumburin ƙwaƙwalwa. A 1978 aka fitar da Game of Death, aka cike giɓin da masu kama da shi, har aka sa hoton jana'izarsa ta gaskiya a ciki. Aka kuma yi ta fito da su Bruce Li da Bruce Le da Dragon Lee. Kama da wane ba ta wane: sun ɗauki kuka da shafar hanci, sun bar alhinin.

Rauni

Ba za mu ɗora laifin gurguwar fahimta a kan 'yan kallo kaɗai ba. Zubin labaran biyu na farko sako-sako ne, Japanawan Fist of Fury mugaye ne zalla marasa fuska biyu, mata kuwa, in aka cire Angela Mao, yawanci jiran ceto suke yi. Uwa uba, kyamara tana ƙawata duka fiye da yadda take ƙawata nadama. Fim ɗin da ya ba faɗa minti 30 ya ba hukunci minti 2 ya taimaka wajen mantuwarmu.

Kammalawa

A cikin ukun farko, jarumin ya ƙare a hannun 'yan sanda, ko gaban bindiga, ko yana tafiya shi kaɗai daga maƙabarta. Wannan darasi ya shafi masu rubuta ƙagaggun labarai da wasan kwaikwayo a cikinmu, domin sau da yawa jarumanmu na takarda kan rama gayya su koma gida su yi barci, ba 'yan sanda, ba gawa, ba uwar da aka saɓa wa alkawari. Marubucin da zai ari wani abu daga Burusli, rigar da ya lulluɓe Colt da ita ta fi sandunan sarƙa amfani gare shi.