Babi na Huɗu: Sharhi a kan Adon Gilas Bisa Ma'aunin Lambun Kaka

4.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi sharhi ne a kan kyan adon gilas, musamman ƙarau da duwatsun wuya waɗanda Nufawan unguwar Masaga ta birnin Bida suke ƙerawa. Mutane da dama suna raina wannan ado, suna ɗaukarsa kayan talaka, saboda daga fasassun kwalabe ake samar da shi. Ra'ayin wannan nazari shi ne, wannan hukunci bai yi wa sana'ar adalci ba, domin darajar gilas tana ga yadda yake karɓar haske ya mayar da shi launi. Ma'aunin da aka zaɓa don tabbatar da haka shi ne lambunan da ke gaɓar kudu ta Kogin Kaduna a lokacin kaka. Bahaushe dai ya ce, ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima.

4.1 Lambun Kaka a Matsayin Ma'auni

Kaka ita ce lokacin da ruwa ya ɗauke, hazon hunturu kuma bai sauko ba, wato daga wajen watan Oktoba zuwa Nuwamba. Wanda ya tsallaka gada daga cikin gari ya nufi Barnawa ko Kakuri a wannan lokaci, zai tarar kogi ya fara ja da baya, sararin sama ya washe, hasken hantsi yana sauka a kan lambuna ba tare da ƙura ta dushe shi ba. A nan ne ido yake haɗuwa da jan soɓorodo da na tattasai, da koren ganyen alayyafo, da ruwan ɗorawar kabewa, da ruwan ƙasar karan dawa da ya bushe.

A ƙasashen Turai, kyan lambun kaka yana ga ganyen itatuwa da yake rinewa ja da rawaya kafin ya zube. Dale Chihuly, mai fasahar gilas ɗan Amurka, ya baje ayyukansa a cikin lambun Kew na birnin Landan a shekarar 2005 da kuma 2019. A Kaduna kuwa, launin kaka launin amfanin gona ne, abin da za a ci ko a kai kasuwa. Ke nan a wurin Bahaushe kyau da amfani tafiyarsu ɗaya. Abubuwa uku ne aka ɗauko daga wannan lambu don auna gilas da su: launi, da haske, da kuma bambancin sura, tunda ba a samun 'ya'yan itace biyu masu kama ɗaya sak.

4.2 Ƙarau da Duwatsun Masaga

Masaga, bisa tarihinsu na baka, suna danganta asalinsu da ƙasar Masar. Nadel (1942) ya yi bayanin sana'arsu a littafinsa kan ƙasar Nufe. A da can, da kansu suke haɗa baƙin gilas daga yashi da kanwa. Daga baya da kwalaben Turawa suka yawaita, sai suka koma narkar da su a murhun yumɓu, ana hura wuta da zugazugi, maƙeri yana naɗe narkakken gilas a kan sandar ƙarfe yana juyawa.

Idan aka ɗora ma'aunin launi, za a ga cewa koren ƙarau yana da zurfi irin na ganyen da ya ƙoshi da ruwa, mai ruwan ƙasa kuma yana tafiya da launin busasshen kara. Ta fuskar haske, a nan ne fifikon wannan ado yake fitowa sarai. Ƙarau a cikin ɗaki abu ne mai duhu wanda ba ya jan ido. Da zarar an ɗaga shi a hasken hantsi, sai rana ta ratsa shi, launin ya sauka a kan fatar hannu, kamar yadda take ratsa ganyen gwanda daga baya har a ga jijiyoyinsa. Awarwaron roba ba ya yin haka, domin launinsa a fuska ya tsaya, iri ɗaya ne da safe da yamma.

Dangane da sura kuwa, kowane dutse yana ɗauke da alamar hannun wanda ya yi shi: wani ya fi wani kauri, zaren farin gilas da aka kewaya wa wani ya ɗan karkace, wani kuma da 'yan ƙwayoyin iska a cikinsa. Mai saye yakan ɗauki wannan a matsayin aibi. Amma wanda ya yarda cewa tattasai biyu ba sa zama ɗaya, kuma hakan bai rage wa lambu kyau ba, ba shi da hujjar neman duwatsun Masaga su fito kamar na inji.

4.3 Kwalba a kan Katanga

Akwai wani amfani da ake yi da gilas a unguwannin kudancin kogi wanda ya kamata a kwatanta da na Masaga. A Barnawa da Narayi da Sabon Tasha, kamar sauran biranen Nijeriya, akan kafa fasassun kwalabe a saman katanga don hana ɓarawo tsallakowa. Da la'asar rana takan ratsa su, su yi ƙyalli kore da ruwan ƙasa, amma babu mai tsayawa ya yaba, saboda tsoro ne ya ɗora su a wurin, kuma siffarsu ta yanka ce. Kwalbar ita ce dai wadda Bamasage yake narkarwa ta zama abin da amarya za ta sa a hannu. Wannan ya nuna cewa asalin kwalba ba ya hana kyau, ba ya kuma kawo shi. Wuta da hannu da idon maƙeri su ne suke raba tarkace da ado.

4.4 Naƙasun da Aka Lura da Su

Duk da wannan yabo, akwai inda aikin ya gaza lambun da aka auna shi da shi. Na farko, kwalaben da suka fi yawa kore ne da ruwan ƙasa da fari, don haka maƙerin da ya dogara da su ba ya samun jan soɓorodo cikin sauƙi, alhali ja shi ne launin da ya fi fitowa a kaka. Na biyu, sana'ar ta tsaya a kan ƙananan abubuwa na jiki, ba ta faɗaɗa zuwa adon taga ko na fili ba. Na uku, kuma shi ne mafi haɗari, kamfanonin lemo suna ƙara komawa ga gorar roba, wadda ba ta da amfani a murhun Masaga, ga kuma kayan ado na roba masu araha sun cika kasuwa. Hukumar UNESCO ta sanya Bida cikin jerin biranen fasahar hannu a shekarar 2021, sai dai suna kaɗai ba ya riƙe maƙeri a bakin wuta idan babu mai saye.

4.5 Kammalawa

A taƙaice, wannan babi ya nuna cewa adon gilas na Masaga ya cika sharuɗɗan haske da sura, ya kuma cika na launi gwargwadon abin da kwalba ta ba shi. Raina shi da ake yi ya samo asali ne daga duban inda ya fito maimakon duban abin da ya zama. A babi na gaba za a duba matsayin wannan ado a cikin kayan lefe da adon amare.